Addu'ar Ayuba Domin Abokansa da Mayar da Arzikinsa: Nazari a kan Sura ta 42

Gabatarwa

Da wuya a sami wanda ya tashi a ƙasar Hausa bai san sunan Ayuba ba. Musulmi sun san shi daga Alƙur'ani, musamman a Suratul Anbiya'i da Suratu Sad, Kirista kuwa sun san shi daga Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga cikakkiyar fassararsa ta Hausa a shekarar 1932. Abin da jama'a suka fi riƙewa daga labarinsa abu biyu ne, watau haƙurin da ya yi da kuma wadatar da ya samu daga baya, har akan rufe zancen da karin maganar nan, mahaƙurci mawadaci. Amma a cikin Littafin Ayuba akwai wani abu na uku da ya shiga tsakanin wahalar da wadatar, wanda aka cika tsallakewa. Sura ta 42, aya ta 10, ta nuna cewa Ubangiji ya mayar wa Ayuba da arzikinsa ne a lokacin da ya yi addu'a domin abokansa.

Manufar wannan takarda ita ce mu dubi wannan aya a mazauninta, mu ga dangantakar da ke tsakanin addu'ar da mayar da arzikin. Batun yana da nauyi, domin sau da yawa akan ji mai wa'azi ya ɗauki ayar kamar ƙa'idar ciniki: yi wa wani addu'a, a biya ka ninki biyu. Mu kuwa za mu yi ƙoƙarin nuna cewa Ayuba ya yi addu'ar ne tun yana cikin toka, ba tare da an yi masa alkawarin kome ba, kuma wadatar da ta biyo baya kyauta ce daga Allah. Wanda ya mai da ita ladan aiki ya koma ga koyarwar abokan Ayuba, wadda littafin da kansa ya rushe.

Asarar Ayuba da Zargin Abokansa

Littafin ya buɗe da bayanin wani mutum a ƙasar Uz, adali mai tsoron Allah, mai 'ya'ya maza 7 da mata 3. Dukiyarsa ta haɗa da tumaki 7,000, raƙuma 3,000, karkiya 500 ta shanun noma, da jakuna mata 500. A majalisar sama, Shaiɗan ya kawo tuhumar da dukan littafin ya rataya a kanta, watau cewa Ayuba ba ya tsoron Allah haka kawai, sai don an kewaye shi da albarka (1:9-11). Kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita a nan ita ce hinnam, ma'anarta kyauta ko ba tare da biya ba. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan kalma, gama za mu komo gare ta.

A yini guda Sabiyawa suka kwashe shanu da jakuna, wuta ta cinye tumaki, Kaldiyawa suka kore raƙuma, iska mai ƙarfi kuma ta rushe gida a kan 'ya'yansa goma. Daga baya jikinsa ya cika da miyaku, ya koma cikin toka yana susa da tsingaro. Abokansa uku, Elifaz mutumin Teman, da Bildad mutumin Shuwa, da Zofar mutumin Na'ama, suka zo yi masa ta'aziyya, suka zauna tare da shi kwana 7 ba wanda ya ce uffan. Wannan shi ne mafi kyawun abin da suka yi.

Da suka buɗe baki sai al'amari ya sake. Tushen tunaninsu shi ne abin da mutum ya shuka shi zai girba, saboda haka duk wanda aka ga yana girbin wahala lalle mugunta ya shuka. Bildad ya gaya wa uban da ke makoki cewa zunubin 'ya'yansa ne ya kai su ga halaka (8:4). Zofar ya ce hukuncin da ya same shi bai ma kai girman laifinsa ba (11:6). Elifaz kuwa ya kai ga ƙirƙiro masa laifuffuka, cewa ya karɓi jingina daga 'yan'uwansa ba dalili, ya hana mai ƙishi ruwa, ya sallami gwauraye hannu wofi (22:6-9). Dole ne mu san zafin waɗannan maganganu kafin mu gane nauyin addu'ar da aka nemi Ayuba ya yi, domin mutanen da zai roƙa wa gafara su ne suka zuba masa gishiri a miki.

Hukuncin Allah da Jerin Abubuwan da Suka Faru

Bayan Ubangiji ya yi magana daga cikin guguwa (surori 38 zuwa 41), Ayuba kuma ya ƙasƙantar da kansa, sai Ubangiji ya juya ga Elifaz. Ya nuna fushinsa a kansa da abokansa biyu, domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda Ayuba ya yi. Ya umarce su su ɗauki bijimai 7 da raguna 7, su tafi wurin Ayuba su miƙa hadaya ta ƙonawa, Ayuba kuwa zai yi musu addu'a, saboda shi za a karɓa. A cikin ayoyi biyu kaɗai, ta 7 da ta 8, Ubangiji ya kira Ayuba bawansa har sau 4, suna ɗaya da wanda ya kira shi da shi kafin masifar ta auku.

Akwai abin lura a nan. Elifaz ne ya taɓa gaya wa Ayuba cewa in ya tuba za a ji addu'arsa, har ma wanda ba shi da gaskiya zai kuɓuta saboda tsarkin hannuwansa (22:27-30). Maganar ta cika, sai dai Elifaz ɗin ne ya zama marar gaskiyar da ke bukatar a cece shi. Wata tsohuwar fassarar littafin a harshen Aramiya, wadda aka samo a kogo na 11 a Kumran kusa da Tekun Gishiri a shekarar 1956, ta fito da wannan ma'ana a fili, inda ta nuna cewa Allah ya gafarta wa abokan zunubansu saboda Ayuba.

In mun bi jerin abubuwan bi da bi, ga yadda suke. Da farko Allah ya wanke Ayuba daga zargi. Na biyu abokan suka yi biyayya suka kawo hadaya. Na uku Ayuba ya yi addu'a aka karɓa. Sai na huɗu aka mayar da arzikinsa. Babu inda nassin ya ce an sanar da Ayuba cewa wani abu zai biyo bayan addu'arsa. Umarnin ma ga Elifaz aka ba da shi. Har wa yau ba a ambaci cewa ya warke kafin ya yi ta ba. Gwargwadon abin da aka rubuta, mutumin da ya ɗaga hannu domin abokansa shi ne dai wanda ya binne 'ya'ya goma, ba shi da ko akuya.

A nan ne kalmar hinnam ta komo. Shaiɗan ya yi da'awar cewa ba mai bauta wa Allah kyauta. Ayuba ya riga ya ƙaryata shi sa'ad da ya ƙi zagin Allah, amma addu'ar nan ita ce ta kammala amsar, domin ya yi alheri ga waɗanda suka cuce shi a lokacin da ba shi da wata riba da yake hange. Da a ce ya san za a ninka masa dukiya ne ya sa ya yi addu'ar, da Shaiɗan ya ci gardama. Wataƙila shi ya sa ba a sake ambaton Shaiɗan a sura ta 42 ba, gama ba shi da sauran magana.

Ma'anar Kalmomin Aya ta 10

Abu uku ne za mu duba a nassin Ibrananci. Na farko shi ne harafin da ya haɗa addu'ar da mayar da arzikin. Harafi ne da a irin wannan ginin jimla yake nuna lokaci, kamar yadda za mu ce sa'ad da, ko yayin da. Marubucin ya gaya mana lokacin da abin ya faru, ya kuma bar Ubangiji a matsayin mai aikatawa. Addu'ar ba ta tilasta wa Allah kome ba.

Na biyu shi ne furucin shub shebut, wanda tsofaffin fassarori suka ɗauka da ma'anar komo da waɗanda aka kai bauta, masana na baya kuwa suka fi karkata ga ma'anar mayar da mutum ga halinsa na dā. Furucin ya zo fiye da sau 20 a Tsohon Alkawari, alal misali a Maimaitawar Shari'a 30:3, da Irmiya 29:14, da Amos 9:14, kuma a waɗannan wurare ana magana ne a kan al'umma ko ƙasa ko birni. Marubucin Ayuba ya ɗauki kalmar da annabawa suke yi wa al'umma albishir da ita ya ɗora ta a kan mutum guda. Bayahuden da ya san zafin zaman bauta a Babila zai ji wannan kalma ya ga kansa a cikin Ayuba.

Na uku, kalmar da aka fassara da abokai daga tushe ɗaya take da kalmar maƙwabci da ke Littafin Firistoci 19:18, inda aka hana ramuwa da riƙo, aka kuma umarci mutum ya ƙaunaci maƙwabcinsa. Bahaushe yakan ce rama cuta ga macuci ibada ne. Nassin nan ya bi wata hanya dabam, ya sa ibadar Ayuba ta ƙarshe da aka rubuta ta zama roƙon gafara domin macutansa, kamar yadda ibadarsa ta farko da aka rubuta ta kasance hadaya domin 'ya'yansa (1:5).

Irin Wannan Addu'a a Sauran Littattafai

Ayuba ba shi kaɗai ba ne. A Farawa sura ta 20, Abimelek sarkin Gerar ya ɗauki Saratu matar Ibrahim, sai aka rufe mahaifar dukan matan gidansa. Allah ya gaya masa cewa Ibrahim annabi ne, shi zai yi masa addu'a. Ibrahim, wanda shi kansa ya daɗe yana jiran ɗa daga Saratu, ya roƙa wa gidan wani haihuwa, aka kuwa amsa. Sura ta 21 ta buɗe da haihuwar Ishaku. Malaman Yahudawa sun lura da wannan jeri, har a Talmud na Babila, a sashen Baba Kamma, suka haɗa labarin Ibrahim da ayar Ayuba, suka koyar da cewa wanda ya roƙa wa ɗan'uwansa jinƙai alhali shi ma yana bukatar abin, shi ake fara amsa wa. Koyarwa ce mai daɗi, sai dai ya kamata mu tuna cewa an yi wa Ibrahim alkawarin Ishaku tun kafin ya sauka a Gerar. Alkawarin ne ya haifi Ishaku, addu'ar kuwa ta nuna irin mutumin da ke jiran cikarsa.

A Littafin Ƙidaya sura ta 12, Maryamu da Haruna sun yi gunaguni a kan Musa, kuturta ta kama Maryamu, Musa ɗin da aka yi wa laifi shi ne ya yi kuka ga Allah dominta. Sama'ila kuma, bayan jama'a sun nemi sarki a madadin shugabancinsa, ya ɗauki daina yi musu addu'a a matsayin zunubi (1 Sama'ila 12:23).

Misalin da ya fi kusa da ayarmu shi ne wasiƙar Irmiya ga waɗanda Nebukadnezzar ya kwashe daga Urushalima zuwa Babila a shekarar 597 kafin haihuwar Almasihu. Wani annabi mai suna Hananiya yana shelar cewa cikin shekara 2 za a karya karkiyar Babila. Irmiya kuwa ya rubuta musu su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su bauta, su kuma yi addu'a dominsa (29:5-7). A cikin wannan wasiƙa ce ya ambaci shekara 70, ya kuma yi amfani da furucin shub shebut. Watau addu'a domin macuci da alkawarin komowa sun sake haɗuwa a wuri guda. Babila ta faɗi a hannun Sairus na Farisa a shekarar 539, aka ba Yahudawa izinin komawa a 538. Tsakanin 597 da 538 akwai kusan shekara 60, saboda haka yawancin manyan da suka fara jin wasiƙar sun mutu a baƙuwar ƙasa. Sun yi addu'ar, 'ya'yansu da jikokinsu ne suka ga komowar.

A Sabon Alkawari, Yesu ya umarci almajiransa su yi addu'a domin masu tsananta musu (Matiyu 5:44), ya kuma aikata haka a kan gicciye (Luka 23:34). Istifanas ya bi sawunsa sa'ad da ake jifansa (Ayyukan Manzanni 7:60), amma bai sauka daga wurin da ninkin kome ba, mutuwa ya yi. Wasiƙar Yakubu, wadda ita kaɗai ce a Sabon Alkawari ta ambaci Ayuba da suna, ta kawo jimirinsa a 5:11, ta jingina ƙarshen al'amarinsa ga tausayin Ubangiji, sa'an nan a 5:16 ta umarci masu bi su riƙa yi wa juna addu'a domin su warke.

Abin da Aka Mayar da Abin da Ba a Mayar Ba

Abu na farko da ya komo wa Ayuba mutane ne. A sura ta 19 ya yi kukan cewa 'yan'uwansa sun nisance shi, baransa ba ya amsa kiransa, yara ma suna raina shi. A 42:11 'yan'uwansa maza da mata da dukan idon sani suka zo gidansa, suka ci abinci tare da shi, kowa ya kawo masa kuɗi da zoben zinariya. Zumunta a ƙafa take. Abin lura kuma shi ne sun zo ne su yi masa ta'aziyya, watau baƙin cikinsa bai gushe ba ko da yake an riga an ce an mayar da arzikinsa.

Dabbobinsa sun ninka daidai: tumaki 14,000, raƙuma 6,000, karkiya 1,000 ta shanu, jakuna 1,000. Ya ƙara rayuwa shekara 140, ninkin shekara 70 da Zabura ta 90 ta ƙayyade wa ɗan adam. Waɗansu masana sun tuna da dokar Fitowa 22:4, wadda ta wajabta wa wanda aka sami dabbar wani a hannunsa ya biya ninki biyu, suka ga kamar littafin yana amincewa a fakaice cewa an ɗauke wa Ayuba abinsa ba da laifinsa ba. Ishaya 61:7 da Zakariya 9:12 su ma sun yi amfani da ninki biyu domin nuna cikar ta'aziyya ga waɗanda aka wulaƙanta.

'Ya'ya kuwa ba a ninka su ba, 7 da 3 ne kamar dā. Girigori Babba, wanda ya zama Paparoma a shekarar 590 ya rasu a 604, ya rubuta sharhi mai littattafai 35 a kan Ayuba, inda ya bayyana cewa goman farko ba su ɓace ba, suna raye a wurin Allah, saboda haka lissafin ya cika. Tsohuwar fassarar Helenanci ta Tsohon Alkawari ma ta ƙara wani bayani a ƙarshen littafin mai nuna cewa Ayuba zai tashi tare da waɗanda Ubangiji zai tayar. Ko mun bi Girigori ko ba mu bi shi ba, duk mahaifi ya san ana maye gurbin raƙumi da raƙumi, amma ɗa ba ya maye gurbin ɗa. Kaburbura goma suna nan a ƙasar Uz har ranar da Ayuba ya mutu.

Akwai kuma alamar cewa mutumin da kansa ya sake. An ambaci sunayen 'ya'yansa mata, Yemima da Keziya da Keren-haffuk, ba a ambaci na maza ba, ya kuma ba su gādo tare da 'yan'uwansu. Bisa ga Littafin Ƙidaya sura ta 27, 'ya mace tana cin gādo ne in babu ɗa namiji. Ayuba ya zarce abin da shari'a ta nema. Wanda aka yi wa kyauta ya koyi yin kyauta.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya tsayar da magana uku. Ta farko, wahala ba hujja ba ce ta zunubi, wadata kuma ba rasit ba ce ta adalci. Yesu ya tabbatar da haka game da mutumin da aka haifa makaho (Yahaya 9:1-3). Bulus ya roƙa sau 3 a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba (2 Korintiyawa 12:7-9). Ibraniyawa sura ta 11 ta jera waɗanda suka kuɓuta daga bakin takobi tare da waɗanda takobi ya kashe, ta yaba wa bangaskiyarsu duka. Mai wa'azin da ya gaya wa gwauruwa ko majiyyaci cewa arzikinsa ya ƙi komowa ne don bai yi wa wasu isasshiyar addu'a ba, ya zauna a kujerar Elifaz, ko da kuwa ayar Ayuba ce a bakinsa.

Ta biyu, addu'a domin wanda ya yi mana laifi wani yanki ce na gyaran da Allah yake yi. Da an mayar wa Ayuba da garkunansa aka bar shi da riƙon abokansa a zuciya, da ya zama attajiri mai ɗaci, su kuma da sun tafi da fushin Allah a kansu. Ubangiji ya tsara al'amarin yadda masu zargi ba za su sami gafara ba sai sun taka zuwa wurin wanda suka zarga, shi kuma ya buɗe baki dominsu. Da addu'a guda aka sulhunta mutum huɗu.

Ta uku, tsarin nassin yana hana a gaggauta wa wanda aka zalunta. An bar Ayuba ya yi kukansa surori masu yawa, Allah ya bayyana gaskiyarsa a gaban waɗanda suka ƙaryata shi, masu laifi suka zo da hadayarsu, sa'an nan aka zo ga addu'a. Ikilisiyar da za ta nemi mai rauni ya yi wa macucinsa addu'a, wajibi ne ta fara faɗin gaskiya a kan wanda ya yi cutar, kamar yadda aya ta 7 ta riga aya ta 10.